Daminar da Ƙwarnafi Ya Ci Muryar Ladan

Bana azumi ya sake faɗowa tsakiyar damina. Jiya da la'asar ina zaune bakin ɗakina, ruwa na ɗiga daga jinka, hadari ya rufe gari ruf har ba ka sanin inda rana ta tsaya, sai na ji ɗana daga zaure ya yi gyaran murya, ya ce wa matarsa ta jiƙa masa kanwa ta ajiye kusa, da an sha ruwa zai kora. Ban san lokacin da na ce "Kul!" ba. Yarinyar ta dube ni kamar na zautu. Ni kuwa ba su nake gani ba. Ubansa nake gani, da wata damina da ta wuce shekara talatin da 'yan kai, wadda azumi ya same mu a cikinta kamar yanzu.

Ni ba mai yawo ba ce. Duk Birnin Gwari an san Delu ba ta wuce ƙofar gida sai biki ko rasuwa. Amma Allah ya ba ni kunne, ya kuma ba ni baki, to gari ne yake zuwa ya same ni a tsakar gida. Daga dakan mace ina sanin ko ta yi faɗa da mijinta. Gidanmu yana jingine da masallacin unguwa, danga ce kawai a tsakani, don maigidana shi ne ladan, kamar yadda ubansa ya yi kafin shi. Kowa Ladan yake ce masa, ni ma da wannan nake fakewa tunda ba na kama sunansa. A gefen masallacin akwai wani tudun ƙasa mai matakala, dogo ya fi jinkar ɗaki, a nan yake hawa ya yi kira.

A waccan shekarar bazara ta yi tsawo. Ruwan farko ya zo ya ruɗi mutane, aka fita aka yi shuka, sai sama ta ɗauke. Shukar ta tsiro kamar gashin jariri ta ƙone a raminta. Aka dawo aka ɗebi iri na biyu daga cikin abin da za mu ci. Da ruwan ya tashi dawowa kuma sai ya dawo gaba ɗaya. Kogin Mariga ya cika ya batse, fatake suka daina ƙetarowa, gishiri ya yi wuya, ciyawa ta tashi tana neman shaƙe dawa. Mu mata muna shiga rumbu mu share gindinsa da tsintsiya, mu sheƙe ƙasar mu tsince ƙwaya. Tafasa muka ci, da rama, da yaɗiya, da garin ɗorawa da ake damawa ya yi rawaya a cikin ƙwarya, ya cika ciki ya bar ƙafafu ba ƙarfi. Yara suna fita da sassafe tsintar kaɗanya. Matan Gwarawa kan shigo da doyar bara a kafaɗa, duk ta yamutse kamar hannun tsohuwa, mu yi musanye da daddawa.

A haka wata ya tsaya. Maza suna fita gayya da azumi a bakinsu, yau gonar wannan gobe ta wancan. Lokacin ba a tsoron nisa kamar yanzu da mahara suka sa kowa ya matso jikin ganuwa. Gonaki har bakin daji ta wajen Kazage, inda birai ke zama kan duwatsu suna kallon masu noma. In iska ta juyo ina jin gangar noma daga nan gida, can ƙasa-ƙasa, kamar bugun zuciyar wani da ke barci. Kuma kullum hadari. Rana ba ta fitowa balle a ga faɗuwarta. Da la'asar gari ya yi duhu kamar magariba, da magariba kuma wani farin haske ya ɓullo ta ƙarƙashin girgije ya ruɗa mutum. Don haka duk mai azumi, na cikin gari da na gona da Fulanin da ke ruga bayan fadama, kunnensa yana kan abu ɗaya, muryar Ladan. Shi ne ke hawa sama ya duba yamma, shi ya san inda take faɗawa tsakanin duwatsu ko da ba a ganinta.

Muryarsa ba mai tsawa ba ce. Siririya ce doguwa, kamar zaren da gwana ta kaɗa. Takan fita ta bi saman ganuwa, ta gangara fadama, ta shige cikin itatuwa, kana ji kamar ba za ta tsinke ba. In an yi ruwa an ɗauke, ƙasa na tururi, har wani sheƙi take yi. Na sha tsayawa da muciya a hannu har tuwo ya kama.

Dama yana da ƙwarnafi tun yana saurayi. In ya ci abu mai tsami ko mai maiƙo sai wani ruwa mai ɗaci ya taso masa daga ciki, ya ƙone ƙirji, ya zo ya tsaya a maƙogwaro. Da can abin bai wuce ya gutsuri farar kanwa kamar ƙwayar dawa ba, ya jiƙa a ludayi ya sha, ya yi gyatsa, shi ke nan sai wani watan.

To a unguwarmu akwai al'ada, duk azumi akan kai wa ladan abin buɗa-baki don neman lada. A shekarar ƙoshi gida biyu ko uku ke tunawa. Amma a wannan shekara, da yake kowa a kan kiransa ya rataya, sai kowane gida ya ga ai dole ne. Kuma ba aike ake yi ba. Tsofaffin mata ne da kansu suke ɗauko ƙorai, su lulluɓa da faifai saboda yayyafi, su zo su jeru a rumfata suna jiran ya fito daga salla. Ka ga abin mamaki, gari na yunwa, gidanmu kuwa ƙorai har ba wurin taka ƙafa.

Kunun shekarar yunwa kowa ya san shi, gari kaɗan, ruwa da yawa, sai a cika tsamiya don baki ya ji kamar an sha wani abu. Miya kuwa yakuwa ce da barkono. Wadda Allah ya ba wake sai ta soya ƙosai da man kaɗe, ta barbaɗa yaji har ya yi ja. Shi kuma ya shigo da cikin da ya wuni ba komai, ya zauna kan buzu, su sa shi gaba.

"Ladan, fara da nawa, tun da zafinsa."

"Ke Hassi, jiya ma da naki ya fara. Ɗan nan, ga ƙosai, don kai na soya."

"Kurɓa ɗaya? Ashe nawa ne ba daɗi?"

Sai ya yi murmushi ya ɗaga ƙwarya ya shanye. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya har ta ƙarshe, yana sa albarka. In sun tafi ya miƙe a kan buzun nan ya kwanta rigingine, ciki ya yi tim, ya cusa garin taba a leɓe yana jiran lisha. Da asuba ma haka, ya ci sauran, ya yi kira, ya yi salla, ya dawo ya kwanta.

Ni na fara ji. A wajen da yake jan numfashi ya saki kiran ya tafi, sai na ji wani ɗan kaushi, irin na ƙwarya mai tsaga in an ƙwanƙwasa ta. Ba wanda ya lura. Da safe yana zaune yana gyara igiyar akuya na ce, "Malam, muryar nan ta tsage."

Ya ce, "Ke dai Delu, kunnenki har tafiyar tururuwa yana ji."

"To tururuwar ce ta shiga maƙogwaronka. Ina jin ka kana haɗiyar wuta tun asuba. Ka rage shan ƙoran nan."

Ya ajiye igiyar. "In rage ta wa? Ta Iya Hassi, da ta hana jikokinta ta kawo mini? Ko ta Lami matar Tanko, da ta sayar da zarenta ta sayi wake? Zaɓa mini wadda zan kunyata, ni ba zan iya ba."

Ban zaɓa ba. Ni ma da wane ido zan dubi Iya Hassi?

Ba a daɗe ba kowa ya ji abin da na ji. Dudu, wata Bafulatana da ke kawo mana nono, ta shigo da hantsi ta sauke ƙwaryarta ta ce, "Ƙawa, ladanku ya yi fushi da mu ne? Jiya sai da muka ga tauraro a tsagar hadari muka sha ruwa. Kiran bai ƙetare fadama ba." Ya ji ta daga ɗaki.

Daga nan sai ƙoran suka riƙa zuwa da rakiya. Kowace tsohuwa da maganinta. Wannan ta kawo jiƙon sassaƙen maɗaci, waccan citta da kanumfari, Iya Hassi ta tato ruwan toka tunda ba ta da kanwa. Dudu ta ce ya sha madara mai ɗumi har ya ƙoshi. Sai ga Yaya Kande, yayarsa da suke ciki ɗaya, wadda ke aure a unguwar maƙera, mace mai murya kamar ana fasa itace. Ta kwance bakin zanenta ta fito da wani dunƙule ja kamar hanta.

Ta ce, "Wannan farar kanwar taku ta yara ce. Ga ja. Tun kafin ruwa ya tsare fatake nake ɓoyonta. Ke amarya," haka take ce mini har na tsufa, "ki jiƙa masa da kauri, ba irin jiƙon rowarki ba. In an sha ruwa ya sha, in zai kwanta ya sha, da sahur ya sha."

Kuma gaskiya, ranar farko kamar an yi sihiri. Ya kurɓa, ya yi wata gyatsa da ta sa kaji suka watse, ya shafa ƙirji ya ce, "Alhamdu lillahi, wutar ta mutu." Sai dai wutar ba mutuwa take yi ba, kwanciya take. Kafin lisha ta taso fiye da da, ya ƙara kanwa. Ludayi ya koma ƙoƙo. Ya sha ta Yaya Kande, ya sha tokar Iya Hassi don kada ta ji an fi son ta wata, ya bi da madarar Dudu. Ƙishirwa ta riƙa kama shi da rana har leɓensa ya tsattsage, kansa na sarawa, cikinsa na kuka kamar kwaɗin fadama. Na lura in ya hau tudun nan sai ya tsaya a tsakiya ya dafa gwiwa. Wata safiya ya sa ƙafa a takalmi, takalmi ya ƙi.

Sai ranar da ba na mantawa. An wuni ana yayyafi, irin siririn nan da ba ya jiƙa mutum sai a hankali. Gari ya yi shiru, hayaƙin murhu ya kwanta a kan jinkaye ya ƙi tashi. Na ji takunsa a matakala, a hankali, a hankali. Na ji ya tsaya. Na ji ya ja numfashi. Sai wani abu ya fito kamar hucin maciji, daga nan tari. Ya sake gwadawa. Iska kawai.

Ban taɓa jin shiru irin na wannan magariba ba. Tsofaffin nan na rumfata kowace ta riƙe faifanta. A maƙwabta na ji an ajiye ludayi. Gari guda da ƙoƙo a hannu, ana jiran mutum ɗaya, shi kuma yana tsaye a sama yana buɗe baki ba abin da ke fita. Duhu na sauka. Can sai Tanko maƙeri, mijin Lami, ya tsaya daga ƙasa ya toshe kunne ya kwarara kira. Wayyo muryar Tanko! Kamar an jefa guduma cikin tukunyar ƙarfe. Jakin liman sai da ya amsa. Amma dai an sha ruwa.

Washegari da hantsi liman ya shigo har tsakar gida, abin da bai taɓa yi ba. Dattijo ne mai sanyin magana. Ya zauna bakin ɗaki ya daɗe yana duban Ladan, sannan ya ce, "Ka ajiye azumin nan, ka rama in ka warke. Allah bai ce ka kashe kanka ba. Kira kuma Tanko zai riƙe. Ba ƙwace maka na yi ba, na san na ubanka ne. Amma gari ba ya zama ba kira. In goman ƙarshe ta shigo muryar ba ta dawo ba, sai mu bar masa, kai ka huta."

Ladan ya buɗe baki zai ce "Allah gafarta Malam," ba ta fito ba. Ya sunkuyar da kai. Mutumin da bai da gona mai kirki, bai da sana'a, abin da ya gada ke nan a duniya.

Liman na fita Yaya Kande na shigowa da sauran jar kanwarta, wai a ƙara kauri. Ta zauna a gefen gado tana faɗa, wai ni ce ba na jiƙawa yadda ta ce. Tana cikin faɗan hannunta ya sauka kan ƙafarsa. Ta yaye mayafin. Ƙafar ta kumbura tana ƙyalli kamar tulun da aka shafa wa mai. Ta danna babban yatsanta a ƙaurinsa ta ɗauke, ramin ya zauna bai ciko ba.

Na ga fuskar matar nan ta sauya. Ta ce, a hankali, da wata muryar da ban san tana da ita ba, "Haka ƙafar Inna ta yi. Da ta haifi autanmu. Kullum ana ɗura mata kunun kanwa wai ta yi ƙarfi, ni ce ma mai miƙa mata. Haka na danna, haka ya zauna. Ba ta ga arba'in ba." Ta dubi dunƙulen da ke hannunta. Ta tashi ta fita tsakar gida cikin ruwa, ta wurga shi bayan danga. Ta dawo tana share ido da gefen zane, ta ce, "Amarya, in na ƙara ganin kanwa a ɗakin nan, ko ta miya ce, ni da ke ne."

To daga ranar muka sake zama. Ba wani boka, ba wani rubutu, abin da muka ga yana tayar masa da wutar muka bi muna janyewa. Tsami ya fita, barkono ya fita, abin suya ya fita. Tabar ma na ɓoye a cikin tukunyar daddawa, ya neme ta da ido kwana da kwanaki. Farin kunu nake dama masa na gero zalla, ba tsamiya ba kanwa, in ba shi kaɗan, in jira, in ƙara masa kaɗan. Miyar ɗanyar kuɓewa mai yauƙi, gishiri ɗan taɓawa, ita ce ke wuce masa ba ta ƙona shi. In ya ci ba kwanciya, sai ya jingina da bango har abincin ya sauka. Na lura in kansa ya yi ƙasa ne ruwan ke taso masa, sai na kwaɓa ƙasa na ɗaga wajen kan gadon, ya zama gangare. Ya dube shi ya dube ni, ya yi mini alama da hannu wai zai zame ya faɗo. Na ce, "In ka zame na taro ka."

Kuma liman ya ce kada ya yi magana sam, ya bar maƙogwaron ya huta. To ka ji haɗi, miji ba baki, mata kuwa ni. Kwanakin nan suna dawo mini kamar mafarki. Ruwa na zuba a kan jinka, ɗaki ya yi duhu da ɗumi, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa na shigowa ta ƙofa, ina kaɗi ina ba shi labarin duk abin da kunnena ya ɗauko. Wa ya yi baƙo, akuyar wa ta haihu, giwaye sun sauko gonakin Kutemeshi sun tattake dawa sun koma. In yi tambaya in ba kaina amsa da irin muryarsa. Wani lokaci ya yi dariya ba sauti, kafaɗunsa kawai ke rawa. Wani lokaci in waiga in ga ya yi barci a jingine, ni kuwa ban fasa ba. Sai dai in lokacin kira ya yi, Tanko ya saki gudumarsa, sai ya rufe ido ya juya fuska bango.

Saura ƙorai. Ba su daina zuwa ba, sai ma ƙaruwa, tunda yanzu ga lada ga dubiya. Na ce musu liman ya hana a gan shi, su ajiye su dawo da safe. To ya zan yi da su? In zubar, a wannan shekara? In mayar, a ce Ladan ya raina? Sai na riƙa juye kunun wannan a ƙwaryar waccan, ƙosan waccan a akushin wannan, in aka zo ɗauka in ce, "Ga ɗan abin da ya rage, ya ce a kai wa yara." Kowace ta tafi tana murna Ladan ya shanye nata har ya yi mata tukuici.

Abin ya yi kwanaki yana tafiya, sai ranar da Iya Hassi ta buɗe faifai a gabana ta tsaya. Ta ɗauki ƙosai ɗaya ta juya shi. Ta ce, "Delu, wannan ai suyar Lami ce. Duk garin nan ita kaɗai ke ƙona gefe ɗaya ta bar ɗaya ɗanye."

Lami na tsaye a bayanta. "Iya, suyar tawa? To ni ma kunun da aka ba ni shekaranjiya na san tsaminsa, sai da haƙoran mijina suka mutu. Ashe naki ne!"

"Ashe ba ya sha! Ashe wasa ake da mu!"

Rumfa ta kaure. Ni dai na tsaya da ludayi a hannu. Sai Yaya Kande ta fito daga ɗakin, ta ɗage tabarmar ƙofa ta ce, "Ku daina ihu, ku zo ku ga aikinmu. Har da nawa, nawa ma ya fi yawa." Suka leƙa ɗaya bayan ɗaya. Yana zaune a jingine, ya rame a sama ya kumbura a ƙasa, ya ɗaga musu hannu yana murmushin kunya kamar shi ya yi laifi.

Iya Hassi ta daɗe a bakin ƙofar. Ta ce, "Ɗan nan, da ka ce ba ka so." Ta juyo gare ni. "To me yake ci?"

Na ce, "Farin kunu, Iya. Geron ma ya kusa ƙarewa."

Washegari ba wadda ta kawo ƙwarya. Kowace ta zo da ɗan gero a ƙulle a bakin zane, wata cikin tafi, wata rabin tafi, suka zuba mini a faifai. Musanyen kuwa suka ci gaba da yi a tsakaninsu, don yaran Lami sun ce kunun Iya Hassi ya fi na uwarsu.

Kumburin ya riƙa sauka kaɗan-kaɗan, kamar yadda kogi ke janyewa ya bar laka. Wutar ƙirjin ta ragu, har ya kan wuni bai haɗiyi yawu da ƙyar ba. Amma murya shiru, ga goman ƙarshe na matsowa. Wata azahar ina tsakar gida ina tsince rama, sai na ji wani abu daga bayan ɗaki, siriri, kamar sauro a cikin tulu. Na ajiye ramar na lallaɓa. Ashe shi ne ya durƙusa ya tura kansa cikin babbar randar da ba ruwa, yana gwada kira a ciki don kada kowa ya ji. Na koma da baya a hankali. Tsagar tana nan, amma zaren ya ƙullu.

Ranar da liman ya ɗiba ta zo. Da la'asar sakaliya Ladan ya yi alwala, ya sa farar rigarsa, ya fita da sanda ba takalmi, don har yanzu ba sa shiga. Na manna ido a ramin danga. Hadari ya haɗo ta gabas baƙi ƙirin, yamma kuwa ta yi ja kamar garwashi. Masu gayya sun dawo, suna tsaye bakin masallaci da laka har gwiwa. Ya isa gindin tudun ya ɗora ƙafa a matakalar farko, ya yunƙura. Ƙafar ta ƙi ɗaukarsa. Ya sake. Ya zauna a kan matakalar yana haki.

Liman ya ce, "Yi daga nan ƙasa mana."

Ya girgiza kai. Daga ƙasa ba za ta ƙetare ganuwa ba, kowa ya sani.

Sai Tanko ya jefar da garmarsa. Ya ce, "Jama'a ku taimake ni. Wallahi na gaji da zagin matata, ta ce in na yi kira nonon akuyarta ɗaukewa yake." Ya durƙusa ya sa kafaɗa, wasu ƙarti suka kama ta gefe, suka ɗaga shi cak. Suna hawa suna zamewa, farar rigar nan duk ta zama laka, har suka dire shi a sama suka sauko.

Ya tsaya yana duban yamma. Ya daɗe. Jan nan ya dushe. Ya sa yatsu a kunne.

Kabbarar farko ta fito a shaƙe, na dafe ƙirji. Ta biyu ta buɗe. Muryar ba irin ta da ba ce, ta yi kauri, akwai ɗan yashi a cikinta wanda bai rabu da ita ba har ya bar duniya. Amma ta tafi. Na bi ta da kunne ta haye ganuwa, ta gangara, har na daina jin ƙarshenta. A maƙwabta wata ta rangaɗa guɗa, aka ce mata ke, kiran salla ne.

Yana idarwa hadarin ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya. Mutanen da suka wuni noma ba ruwa ba abinci, kowa ya ruga, wasu cikin masallaci, wasu wajen ƙoƙonsu. Kafin ka ce me, fili ya zama wayam. Na leƙa, ga Ladan shi kaɗai a saman tudu, ruwa na dukansa, sandarsa tana ƙasa, ƙafafu kuma ba za su sauko da shi ba. Ya duba dama, ya duba hagu. Sai ya cika ƙirji ya kwarara da duk abin da Allah ya mayar masa:

"Tanko! Kai Tanko! Wanda ya hau da ni ya zo ya sauke ni!"

Ina durƙushe a jikin danga, ruwa na bin bayana, ina dariya ina kuka. Da safe Dudu ta shigo da nono, ko gaisuwa ba ta gama ba ta ce, "Ƙawa, wane ne Tanko?"